Mutum huɗu masu sauran shan ruwa

Wani mai sayar da littattafan gwanjo da na saba ciniki da shi a Kaduna ne ya ajiye mini shi. Ina zuwa ya ce, "Malam, ga irin kayanka nan, mai hotuna." Littafi ne jibgege, ya haura shafi 500, takardarsa irin ta jarida, babu launi a ciki sai baƙi da fari. Kamfanin DC na Amurka ne ya buga shi a 2006, cikin jerin da ya kira Showcase Presents, inda yake tattaro tsofaffin labaran zane ya sake buga su da araha. Wannan na Challengers of the Unknown ne.

A 1957 labarin ya fara fitowa, a mujallar Showcase ta 6, da zanen Jack Kirby. Mutum huɗu ne jirgin sama ya faɗi da su: Ace Morgan matuƙin jirgi, Prof Haley gwanin nutso a teku, Rocky Davis ɗan kokawa, sai Red Ryan mai hawan duwatsu da wasa da rai. Jirgi ya yi raga-raga, su kuwa suka fito da ƙafarsu. Da mu ne, sai mu ce da sauran shan ruwa a gaba, mu yi hamdala mu koma gida. Su kuma suka ce kwanan da ya rage musu aro ne, don haka za su ƙarar da shi wajen tunkarar duk abin da ya gagari mutane. Babu mai tashi sama a cikinsu, babu mai tsafi. Ƙarfin hali ne kawai da sanin sana'a.

Abin da ya riƙe ni dai shi ne hannun mai zanen. Da yake babu launin da zai rufe layi, komai a fili yake. Kirby kan zana da fensir, wani ya bi da tawada. Daga fitowa ta 4 zuwa ta 8 ta mujallarsu ta kansu, wadda ta fara a 1958, Wally Wood ne ya bi masa tawadar, kuma ko ba a gaya maka ba za ka gani: ƙarfe na sheƙi, inuwa ta zauna daram, injunan nan na Kirby masu bututu barkatai sai ka ce ka taɓa su. Nakan daɗe a shafi guda ina bin layi da yatsa. Bayan ta 8 Kirby ya bar aikin, Bob Brown ya karɓa. Zanensa tsaf yake, amma naushin Rocky ya daina fitowa daga cikin takarda. Da a ce ɗai-ɗai nake karanta su, wata biyu tsakani kamar yaran wancan zamani masu saye da senti 10, da wuya in lura. Haɗa su wuri guda ne ya nuna mini.

Akwai bugu mai launi da bango mai tauri da DC ta fitar a 2003 da 2004. Na taɓa duba na wani abokina. Yana da kyau, sai dai launin ya yi ƙarfi a kan takarda mai santsi, alhali asalin mujallun takardarsu kan shanye tawada ne, launi ya lafa. Na fi son nawa.

Ba na ɓoye laifinsu. Mutum huɗun kusan bakinsu ɗaya, ka rufe fuska ba za ka san wa ke magana ba. June Robbins kuwa, masaniyar kimiyyar da ta sha taimaka musu, an daɗe ana ajiye ta a gefe, kuma hakan na ci mini rai.

Duk wanda ya san Fantastic Four, wanda Kirby ya yi da Stan Lee a Marvel a 1961, zai ga iri a nan: mutum huɗu, jirgi ya faɗo, an tsira, an haɗa kai. A fitowa ta 3 ta mujallar Challengers ma an harba Rocky sararin samaniya ya dawo da baiwar ban mamaki a jikinsa, kamar yadda ya faru da 'yan Fantastic Four daga baya.

Yanzu gam ɗin bayan littafin ya fara saki, don ɗana kullum yana ɗora farar takarda a kan shafukan Wood yana kwafa. Na gaya wa mai gwanjon ya sa mini ido a kan kundi na biyu.