Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hotunan da Ba Wanda Ya Biya Ni

Makon jiya mun tsaya a kan aikin da ke ciyar da mai hoto a Accra, wato aure da suna da hoton fasfo. Yau kuma sai aikin da ba shi da mai biya: hotunan iyali, makaɗa, masallatai da zaman unguwa da nake tarawa a Nima, Mamobi, Sabon Zango da Fadama. Wannan kashin bayanin yadda ake aikin ne, domin a kansa matasa masu kamara suka fi yi mini tambaya.

Baƙon da ya shigo Nima da kamara, babbar kwata yake nema da yara marasa takalmi, ya ɗauka ya tafi. Kwatar tana nan, ba wanda ya musa. Amma ɗan unguwa yana da abin da baƙo ba shi da shi: ya san sunan mutane, ya san wa ya haifi wa, kuma gobe ma zai dawo. A wurina hoton da ba a rubuta sunan mai shi da ranar da aka ɗauka ba, rabin aiki ne, komai kyansa.

Shi ya sa aikin iyali ba da sabon hoto yake farawa ba. Da tsohon da ke cikin akwatin Hajiya yake farawa. Kusan kowane gida a zango yana da su: hoton tafiya Makka, na ranar saukar Alƙur'ani, na wani kaka da babbar riga a gaban labulen situdiyo. Kada ka ce a ba ka ka tafi da su gida, tsofaffi ba sa yarda, kuma suna da gaskiya. A nan gidan za ka kwafe su. Ka shimfiɗa baƙin yadi a inuwa kusa da ƙofa, ka ɗora hoton, ka tsayar da kamara a samansa daidai, bayanta ya yi layi ɗaya da takardar, in ba haka ba kan mutum zai fito ya fi ƙafarsa girma. Hasken ya zo daga gefe, kada ya zo daga bayanka. Buɗin gilashin kamara f/8, ISO (ƙarfin jin hasken kamara) 100, a kan ƙafar kamara, da ƙidayar daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza ta. In hoton yana cikin firam, gilashin zai nuno ka kai da kamararka. Maganinsa baƙin ƙyalle mai faɗi da aka huda a tsakiya, a zura bakin kamara ta hudar.

Abin da ya fi ɓata hotuna a garin nan danshi ne. Iskar teku tana sa fuskar hoto ta manne da gilashin firam. In ka ga wuri mai sheƙi kamar tabon ruwa, ya manne ke nan, kada ka ja, fuskar mutumin za ta bi gilashin ta bar takardar fara. Ka kwafe shi yadda yake. Kada kuma ka bari a kai shi a liƙe da leda mai zafi irin ta katin shaida, zafin da gam ɗin ba sa fita har abada. Sannan ka juya bayan kowane hoto ka ɗauka, domin can hatimin situdiyo yake, wani lokaci har da rubutun ajami na mai shi. Hatimi yana taimakawa wajen gane zamani. Situdiyon Deo Gratias na Jamestown, tsohuwar unguwa a Accra, tun 1922 yake aiki, Ever Young na James Barnor kuwa shekarun 1950 yake nuna maka, kafin mai shi ya tafi Ingila a 1959. Felicia Abban ma a Jamestown ta buɗe nata a shekarun nan.

Daga nan sai ka zauna da mafi tsufa a gidan, ka kunna rikodin waya. Tambayar ba "wane ne wannan" kaɗai ba ce. Sai ka ce, "Mma, wannan na hagu, ɗan wa ne? Daga ina mahaifinsa ya zo? Wace sana'a ya yi?" Zangon Accra ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai Dagomba, Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Fulani, Yarbawa, duk da Hausa suke ciniki da hira. In ba ka tambaya ba sai ka rubuta Bahaushe a kan mutumin da kakansa daga Sokode ta ƙasar Togo ya fito. A bayan hoto da fensir mai taushi ake rubutu, tawadar biro tana ratsa takarda.

Sabon hoton tsoho kuma, ɗakunan gidan haya duhu ne, taga ɗaya ƙarama, wani ma babu. Ƙofa ita ce fitilarka. Ka zaunar da Baba taku ɗaya daga cikin ƙofa, fuskarsa ta ɗan karkata wajen haske, wani yaro ya riƙe farin mayafi ta ɓangaren duhun don ya maido da haske kan kumatu. Gilashi mai 50mm, f/2 ko f/2.8, saurin ƙiftawar kamara kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa. A lungu mai matsi 35mm ya fi, amma kada ka matso da shi kusa da fuska, hanci yake kumburawa. Hoton gida gaba ɗaya f/5.6 zuwa f/8 yake so don layin baya ma ya fito. Wurin zama kuwa ba naka ba ne. Ka bar mai gida ko uwargida su jera mutane, sun san wanda zai zauna da wanda zai tsaya. Mai hoton da ya sa amarya a kujerar uwargida don tsayinsu ya daidaita, ya kunna wutar da ba shi zai kashe ba. Mace mai takaba ba a ɗaukarta sai in ita ta nema.

Bikin suna da sassafe ake yi a rana ta bakwai, bayan asuba, haske bai gama fitowa ba, sai ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200. Abin da ake mantawa a ɗauka shi ne hannun wanzami a kan jariri, rabon goro, da matan da ke bayan gida kan tukwane tun dare. Da rana kuma rumfar haya ce matsala. Ja ko shuɗiyar rumfa tana rina fuska da fararen kaya, kuma gyaran kwamfuta ba ya cire rinin duka. Ko ka jawo mutum bakin rumfa inda hasken waje ke shigowa, ko ka yanke shawara tun farko cewa hoton baƙi da fari zai zama.

Kiɗa ya fi sauƙi. Makaɗi yana son a gan shi, matuƙar ka yi masa liƙi kamar kowa, domin sana'arsa ce yake yi. A kalangu abu biyu ake nema a hoto ɗaya: sandar kiɗan da ke dukan fata, da hammatar da ke matse tsirkiya, don matsin nan ne ke sauya murya. Ka tsaya ta gefen da gangar take. 1/500 yana tsayar da hannu cak, 1/60 yana barin hannun ya zama inuwa fuska kuma ta tsaya, ni na fi son na biyun don yana nuna ana kiɗa ne. Mai algaita a jira kumatunsa su cika. Makaɗan Dagomba kuwa tarihin zuriya suke faɗa da gangarsu, saboda haka hoto kaɗai bai isa ba, a ɗauki sauti, a rubuta wa ake yi wa kirari. Wayar ta yi nisan taku uku ko huɗu daga manyan ganguna, in ta matso sautin fashewa yake yi, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa.

Masallaci ne wurin da aikin ya fi bukatar hankali. Izini daga liman ko kwamitin masallaci ake nema, kuma kwana ɗaya kafin ranar, ba a bakin ƙofa ana kiran salla ba. Akwai malaman da ba sa son hoto sam, akwai waɗanda har su gyara rawani. In an ce a'a, ka rufe kamara ka yi sallarka. Ba a kunna filasha, ba a gifta gaban mai salla, ba a ɗaukar gawa, ɓangaren mata kuma mace ce za ta ɗauka. A zaman wazifa ko zikirin Juma'a na 'yan Tijjaniyya ka zaɓi wuri ɗaya kafin a shimfiɗa farin ƙyalle, ka zauna a nan har a shafa.

Akwai wata matsala da ke ruɗa masu sabuwar kamara. Don kada ƙarar ƙiftawa ta dami jama'a sai su sa ta a yanayin shiru, sai hoton ya fito da ratsi-ratsi masu duhu a kwance. Ba kamarar ce ta lalace ba. Wutar Ghana 50Hz ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, fitilun LED da dogayen ƙwai suna ƙyaftawa da ita, ido ba ya gani amma kamara tana gani. Ka sa saurin a 1/50 ko 1/100, galibi ratsin zai tafi. Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da gini irin na Turkiyya, yana da tagogi da yawa, da rana ba ka bukatar fitila. Ƙananan masallatan lungu ne ke ba da wahala.

Ranar Idi, ko a Dandalin 'Yanci ko a filayen unguwa, fararen kaya ne ko'ina. Ma'aunin hasken kamara yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin toka-toka, saboda haka in fari ya cika mata ido sai ta rage haske, riguna su yi dishi-dishi, baƙaƙen fuskokinmu su nutse gaba ɗaya. Sai ka ƙara mata haske +2/3 zuwa +1 a ma'aunin. Amma in rana ta buɗe sosai, ƙarin zai ƙone aikin zaren da ke wuyan riga, wanda mutum ya biya tela kuɗi masu yawa a kai. Saboda haka a RAW ake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, a kunna alamar da ke ƙyaftawa inda fari ya ƙone, a tsaya daidai inda ta fara. In da hali, rana ta kasance a bayan mutane ko a gefensu. Accra tana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma da ƙarfe 9 ta riga ta yi sama, hula tana jefa inuwa kan ido. Ra'ayina a kan raka'a biyun nan: ka ajiye kamara ka bi sahu. Zuwan jama'a da gaisawar bayan huɗuba sun fi hoton sujada da kowa ya riga ya gani.

Izinin ɗauka daban, izinin sawa a Facebook daban. Hajiyar da ta yarda ka ɗauke ta tana tuka tuwo ba ta yarda duniya ta gan ta ba mayafi ba. Ka tambaya sau biyu, ka riƙe amsar a rikodi ko a rubuce, yara kuma iyayensu ake tambaya. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, amma tun kafin doka, unguwar da ka kunyata ba za ta sake buɗe maka ƙofa ba. Kowa ka ɗauka, ka wanke masa hoto mai inci 5x7 ka kai masa da hannunka. Hoton allo mai ayoyi kuwa a kula wa ake ba, kada ya ƙare a ƙasa.

Saura ajiya. Danshin damina yana sa funfuna ta tsiro cikin gilashin kamara kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe tana cin fuskar gilashin. Jakar kamara a ƙarƙashin gado ita ce mafi munin wuri. Ka sami roba mai murfi da ba ta shan iska, ka zuba silika, ƙwayoyin da ke tsotse danshi, ka sa ƙaramin ma'aunin danshi, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50 cikin 100. In silikar ta sauya launi ta ƙoshi, a busar da ita a mayar. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba, kada ka sauya gilashi a waje, in dole ne bakin kamara ya kalli ƙasa.

Hotunan kansu kwafi 3 ake yi: biyu a faifan ajiya daban-daban, ɗaya a wani gida ko a intanet, saboda gobara da ambaliya da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Kada ka goge katin kamara sai ka buɗe kwafi biyu ka gani da idonka. Sunan kowane hoto ya fara da shekara, wata, rana, sannan wuri da abin da ake yi, kamar 2023-06-28_Nima_babbar-salla_014. A littafi kuma ka rubuta lambar, sunayen mutane daga hagu zuwa dama, da kwanan watan Musulunci, don tsofaffi da shi suke tuna abu. A daren ranar ake rubutawa, in aka kwana biyu sunaye sun fara cakuɗewa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda ake zaɓen hoto 30 daga cikin dubbai, da yadda ake baje su a bangon makaranta ba tare da ruwan sama ya lalata su ba.