Albasa, Koren Shayi da Amosanin Gaɓɓai na Rumatoyid

Amosanin rumatoyid daban yake da ciwon gwiwa na tsufa. Garkuwar jiki ce ke afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa. Yatsun hannu biyu su kumbura tare, da asuba mutum ya kasa dunƙule hannu ko ɓalle maɓallin riga, wani lokaci har fiye da awa guda. Ya fi kama mata.

Sinadaran filabonoyid da ke cikin tsirrai sun ja hankalin masu bincike domin a ɗakin gwaji suna rage TNF-alfa da IL-6, sinadaran jiki masu rura wutar kumburin. Daga cikin filabonoyid ɗin, kwasetin na cikin jar albasa da zogale, EGCG kuma na cikin koren shayi. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2017, an raba mata 50 masu ciwon a Iran gida biyu, rabi suna shan miligiram 500 na kwasetin kullum har mako 8. Sanƙarewar safe da zafi sun ragu a wurinsu. Abin farin ciki ne, amma mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma ba su daina shan magungunan asibiti ba.

Gizo na saƙa ne wajen adadi. Kafin a tara miligiram 500 daga albasa sai an ci fiye da kilo guda a rana, kuma kaɗan ne ke kaiwa cikin jini, domin hanji da hanta suna sarrafa shi da sauri. Kwasetin ya fi yawa a ɓawon da ke waje-waje, don haka a cire busasshen kawai. Idan an tafasa yana zuba cikin ruwa, kada a zubar da romon.

Ƙwayoyin koren shayi kuwa sai da hattara. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce EGCG daga miligiram 800 a rana na iya taɓa hanta, ga shi metotireksat, babban maganin wannan ciwo, shi ma hanta yake wahalarwa. Sau ɗaya a mako ake shan metotireksat, da bitamin ɗin folik asid a wata rana daban; shansa kullum bisa kuskure ya yi kisa.

Abin da ya fi tada mini hankali shi ne a ajiye metotireksat a koma ganye zalla. Zaizayar ƙashi kan fara cikin shekara biyun farko, yatsan da ya karkace kuma ba ya miƙewa. Duk ƙwayar da za a ƙara, a kai wa likita kwalbarta ya gani, a yi gwajin hanta kafin a fara.