Ruwan da na hana jaririna sha

Ina da cikin wata huɗu aka gaya mini. Awo na je wani asibiti a nan Jos, da sanyin Disamba mai ratsa ƙashi, aka ɗebi jinina kamar na kowa. Da sista ta ja labule ta ce, "Zauna tukuna, ƙanwata," gabana ya faɗi. Ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV.

Abin da ke cikina na fara tunawa. Ta ce idan uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100, daga 15 zuwa 45 na iya kamuwa, tun a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Da magani kuwa ba sa kai 5. A ranar na fara, ƙwaya ɗaya kullum, kyauta. Na haɗa ta da sallar isha'i don kada in manta.

Kwana uku ina juya yadda zan faɗa wa maigidana. Ya yi shiru, washegari ya bi ni aka gwada shi. Ba shi da ita. Muka riƙe kwaroron roba har gwaji ya nuna ƙwayar ta yi ƙasa a jinina, na'ura ma ba ta ganinta, matakin da ba a ɗaukarta ta saduwa muddin ina kan magani.

A asibiti na haihu, aka ba ni nevirapine na ruwa, maganin kare jariri daga kamuwa, in riƙa ɗiga wa yaro har sati 6. Ranar suna sabuwar reza muka miƙa wa wanzami.

Inda na sha wuya shi ne ruwa. An gargaɗe ni: nono zalla har wata 6, domin haɗa shi da ruwa ko koko kan raunana hanjin jariri, cutar ta sami ƙofa. Surukata ba ta san halin da nake ciki ba, kuma don ƙauna take yi. Na fito daga wankan jego na tarar da ita da ƙaramin cokali a bakinsa. "Ke yarinya, ɗa ba ruwa? Ko tsuntsu yana sha." Jikina na rawa, amma kunya ta ɗaure mini baki. Ɗanta ne ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, likita ne ya hana." Ta ajiye cokalin, ta yi kwana biyu tana fushi da ni.

Yana sati 6 aka tsaga dunduniyarsa aka ɗiga jini a kati. Babu. Aka sake bayan yaye, yana wata 18. Da sista ta miƙo takardar, a kan bencin nan na yi kukan da ban yi ba ranar farko.