Mako na shida da sarewa: ƙidayar biyar a waƙar Jethro Tull

'Yan'uwana masu koyon busa, yau mako shida ke nan da na jingine sauran darussa na tsaya a kan waƙa ɗaya tak, wato "Living in the Past" ta ƙungiyar Jethro Tull ta ƙasar Ingila, wadda ta fito a 1969. Sarewata irin ta ƙarfe ce wadda ake riƙewa a gicciye, kuma nakan ba ta minti arba'in kowace safiya kafin in fita aiki.

Yatsuna sun kama hanya tun a mako na biyu, amma ƙidaya ta tsayar da ni cik. Kunnenmu ya saba da kiɗan da ke tafiya bugu huɗu-huɗu, ita kuwa wannan waƙa biyar-biyar take tafiya, shi ya sa duk lokacin da na ɗauki busa sai ƙafata ta haɗiye bugu na biyar, ko kuma ta ƙara na shida don ta daidaita. Na yi mako uku a haka. Abin da ya fitar da ni shi ne na raba kowane bugu gida biyu, suka zama goma, sannan na tara su uku, uku, biyu, biyu, wato dogo, dogo, gajere, gajere. Na ajiye sarewar kwana huɗu ina tafa hannu kawai, ina bin jitar Glenn Cornick, ɗan ƙungiyar, mai kaurin amo wadda ta buɗe waƙar, har sai da tsarin ya zauna mini a jiki, na daina lissafa shi a baki. Wanda duk zai gwada, ina roƙonsa kada ya tsallake wannan mataki.

Yadda aka yi waƙar ma ya ƙara mini ƙwarin gwiwa. Manajansu Terry Ellis ne ya nemi Ian Anderson, jagoran ƙungiyar kuma mai busa sarewarta, ya rubuta abin da gidajen rediyo za su karɓa, a lokacin suna yawon wasa a Amurka. Shi kuwa ya zauna a ɗakin otal ya tsara ta a kan ƙidayar da ba a saba rawa da ita ba. Duk da haka ta kai matsayi na 3 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, kuma da aka fitar da ita a Amurka a 1972 ta kai na 11. Babu wata waƙarsu guda da ta wuce ta a ƙasashen biyu.

Ƙungiyar ta kafu ne a ƙarshen 1967, kuma sunan na wani masanin noma ne na Ingila wanda ya ƙera injin shuka iri a 1701. Faifansu na farko, This Was, ya fito a 1968 da salon kiɗan bulus (blues). Daga nan makaɗin jitarsu Mick Abrahams ya tafi, Martin Barre ya karɓi jita, faifan Stand Up ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1969, Aqualung ya biyo baya a 1971. Wanda ya fi burge ni shi ne Thick as a Brick na 1972, waƙa guda mai tsawon fiye da minti 40 da ta cika faifai gaba da baya, kuma ta kai na ɗaya a Amurka. A 1989 sun karɓi kyautar Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, da faifan Crest of a Knave, a rukunin da mutane da yawa suka sa ran ƙungiyar Metallica ce za ta ɗauka.

A wannan makon na fara gwada dabarar da aka san Anderson da ita, ta yin gurnani a maƙogwaro yayin da ake busa, wadda ya ɗauko daga Roland Kirk, makaɗin jaz na Amurka. Sautin yakan fito da kaushi mai daɗi, sai dai yana cin numfashi ƙwarai, kuma na lura cewa idan busar kanta ba ta fita tsaf ba, gurnanin yakan rufe kuskure ne kawai. Saboda haka na taƙaita shi zuwa minti biyar a ƙarshen zama. Shi kansa Anderson da kunne ya koyi sarewa, kuma sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da 'yarsa ta fara ɗaukar darasi, ya gane cewa yadda yake ɗora yatsu ba daidai ba ne, ya koma ya gyara. Wannan ya sa na sake buɗe jadawalin yatsu na duba nawa, na kuwa tarar ƙaramin yatsana na dama yana tashi daga maɓallinsa a inda ya kamata ya danne.

Mako mai zuwa zan gyara wannan yatsa a hankali, sannan in fara bin faifan daga farko har zuwa inda murya take shiga ba tare da na tsaya ba. Wanda ya riga ya wuce wannan gaɓa, don Allah ya faɗa mini a ina yake jan numfashi a jimla ta biyu ta sarewar, domin a nan iskata take ƙarewa.