Daren da muka zaga gidajen kankaren Landan a kan keke

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano, amma har yanzu cinyoyina ba su manta da daren Juma'ar nan ba. Wajen Yaya na sauka a Landan, ɗan wan mahaifina ne, ya daɗe a can. Yana da abokai kusan talatin da suke fita yawon keke da dare idan zafinsu ya shigo, wannan karon kuma sun shirya zagaya gine-ginen kankaren da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mako guda suka yi suna ja-in-ja a WhatsApp kan lokacin tashi, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai tara ta wuce.

Keke aro aka ba ni, amma fitila sai da na saya, domin dokarsu ce idan duhu ya yi: fara a gaba, ja a baya. Wani mai tebur a kasuwa ya ce fam 15, na taya 8, muka daidaita a 10. Yaya ya riƙe baki, wai shi tunda ya zo bai taɓa taya kaya ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne bin hannun hagu. Mu tun 1972 muka bar shi.

Mun haɗu a bakin kogin Thames, gindin gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da Denys Lasdun ya zana, aka buɗe a 1976. Kankare ne tsirara, ba filasta ba fenti. Sarki Charles, tun yana yarima, ya taɓa kwatanta shi da tashar nukiliya a tsakiyar gari. Wata dattijuwa a cikinmu ta ce in shafa bangon. Na shafa, sai ga zanen katakon da aka zuba simintin a ciki ya fito raɗau, har da idon itacen. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan kafinta yana haɗa katakon dakin ya san wannan ba aikin ganin dama ba ne. A gida da mun ce ginin bai ƙaru ba, mai shi kuɗi ya yanke masa.

Daga nan sai Barbican. Unguwar ce jiragen Jamus suka ƙone a daren 29 ga Disamba 1940, aka gina gidaje kusan 2,000 a kan tokarta, da dogayen benaye uku masu hawa sama da 40. Bangon nan da guduma leburori suka bi shi suna sassaƙa har tsakuwar ta fito. Akwai tafki a tsakiya, furanni na zubowa daga baranda, shiru kamar ba cikin birni ba. A 2001 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a taɓa. Yau sai mai hannu da shuni yake iya zama a ciki. Nan na sayi shayi fam uku da rabi, ruwan zafi da ganye kawai, na tuna mai shayin bakin layinmu da zai haɗa maka da biredi da ƙwai, ya kuma tambaye ka mutan gida.

Muka miƙa gabas ta Whitechapel, ni da Yaya muka tsaya muka yi isha'i, muka cim musu a Poplar. Nan ne hira ta zama musu.

Robin Hood Gardens muka zo gani, amma babu shi. Alison da Peter Smithson, mata da miji, su suka zana shi, aka gama a 1972: dogayen gidaje biyu, tudu mai ciyawa a tsakani, da faffaɗar baranda a sama da suka so ta zama kamar layin unguwa, yara su yi wasa, maƙwabta su gaisa. Manyan masu zanen gini sun yi ta roƙon a kare shi, gwamnati ta ƙi, aka fara rushe shi a 2017. Muna tsaye muna kallon sababbin benayen da suka maye gurbinsa sai wani mai gadi ya fito yana daka mana tsawa, wai mu kwashe kekunanmu. Ko sannu babu. Da dattijuwar nan ta yi masa magana a hankali, juya mata baya ya yi. Abin ya ɓata min rai ƙwarai. Macen ta haife shi.

Wani ɗan asalin Bangladash a cikinmu ya ce a irin waɗannan gidajen ya tashi. Ya ce masu kukan a bar gini ba su taɓa hawa bene da kayan cefane ba saboda lif ta mutu, ba su kwana da yoyo ba. Amma ya ce ɗakunan suna da faɗi da haske, abin da ya kashe su rashin gyara ne, shekara da shekaru hukuma ta yi ko oho. Wata budurwa ta ce yin siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, don haka rushe gini mai ƙwari a zuba sabo asara biyu ce. Ni dai zuciyata tana gida, ina tuna yadda aka wayi gari a 2023 babu shataletalen gidan gwamnati, da yadda ganuwa take zaizayewa muna wucewa ta gabanta kullum.

Sai mutumin ya ce mu biyo shi, ba nisa. Ya kai mu gindin Balfron Tower, hawa 26, aikin Ernő Goldfinger na 1967, lif ɗinsa a hasumiya daban, gadoji sun haɗa su. Goldfinger da matarsa har wata biyu suka zauna a ciki a 1968 don su ji koken mazauna. Wannan an cece shi, doka ta kare shi, an gyara shi fes. Sai dai talakawan da aka gina shi dominsu an fitar da su kafin gyaran, aka sa gidajen a kasuwa. "Kun ga," in ji shi, "ginin yana nan. Mutanen fa?" Ba wanda ya tanka. Ni da na fito ina goyon bayan masu cewa a bar gini, a nan bakina ya mutu, don ban ga amfanin ceton bango ba idan an kori wanda yake jingina da shi.

Gidan mahaifiyarsa yana kusa. Ƙarfe ɗaya na dare tsohuwar nan ta sauko da fulas biyu na shayi mai madara da citta, da samosa cike da faranti, ta ƙi karɓar ko sisi. Da ta ji daga Najeriya nake, kuma musulmi, ta ƙara min biyu a takarda. Na ce, "Mama, Allah ya saka da alheri." Ta gane, ta ce amin.

Sauran sun wuce yamma ganin Trellick Tower, ɗan uwan Balfron. Mu mun juya gida, asuba ta kusa. Ana jibi zan taso muka je ma'ajiyar gidan tarihi na Victoria and Albert a Stratford, inda suka adana yankin Robin Hood Gardens mai hawa uku, har da ƙofofinsa. Shiga kyauta ne. Fitilun nan biyu suna kan keken ɗana yanzu.