Chumpitaz ya hana ni barci

Jiya da daddare na zauna kallon tsohon wasan Peru da Bulgeriya na kofin duniya 1970 a waya, wallahi har caji ya kare ban motsa ba. Bulgeriya ta fara shiga gaban Peru da 2-0, ga girgizar kasa ta kashe musu dubban mutane kwana biyu kafin wasan, amma kyaftin dinsu Hector Chumpitaz, dan baya ne fa kuma gajere, bayan sun rama daya ya buga firikik ta shige raga aka koma 2-2, karshe suka ci 3-2. Sai da na maimaita wurin sau uku.

Mutumin nan ya buga wa kasarsa wasa 105, shi ya daga Copa America a 1975, ya dade a kungiyar Universitario kafin Sporting Cristal, duka a Peru. Yanzu wasanninsa na 1978 nake nema.