Yadda na yi fama da zafin inji a akori-kurar Baba

Peugeot 504 ce akori-kura, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana jigilar gero da wake da ita. Lokacin da ta dawo hannuna injinta ya gaji, ga hayaƙi, ga shan baƙin mai. Raina bai ba ni in sayar da ita ba. Sai na samo injin Toyota 3Y ɗan Kwatano, irin na Hiace, aka sake walda mazaunin inji, aka saka shi da giyarsa. A cikin sanyin Disamba aka gama, ta yi ta tafiya lafiya lau.

Afrilu ce ta tona asiri. Duk wanda ya san bazarar Katsina ya san ma'aunin zafi yakan haura 40 da rana tsaka. Wata Lahadi na ɗauko kaya daga kasuwar Mai'aduwa, na biyo ta Daura, na tsaya a Mashi don sallar azahar. Na fito masallaci na murɗa makulli, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Allurar zafi kuwa tana tsakiya, ruwa bai tafasa ba. Wani direba ya fasa fiya wata biyu, ya zuba a kan famfon mai da bututun da ke zuwa kafireto, ya ce in sake gwadawa. Nan take ta tashi. Cikin sati biyu sai da ta yi mini haka sau uku, kullum bayan na kashe ta da zafinta.

A garejin farko tamostat aka cire, wato abin da ke tare ruwa a cikin inji har sai ya ɗumama, wai ƙasarmu ba ta buƙatarsa. Na yarda, domin abin da kowa ke yi ke nan. Babu abin da ya sake, sai ma shan fetur da ya ƙaru da safe, saboda inji yana daɗewa bai ɗumama ba.

Wani dattijon bakanike ne ya warware mini. Ya buɗe bonet, ya kara bayan hannunsa kusa da bututun mai, ya janye da sauri.

"Ɗana, allurar nan ruwa kaɗai take gani. Iskar da ke ƙarƙashin bonet ba ta san da ita ba."

"To Baba, ina matsalar take?"

Ya nuna mini. A wannan injin kafireto yana zaune ne daidai saman manifol, ƙarfen da hayaƙi ke fita ta cikinsa, wanda yakan wuce digiri 500 idan an yi lodi. Faifan ƙarfen da ke raba su an yar da shi wajen haɗi, kuma mun bi da bututun mai ta gefen manifol ɗin saboda ta nan ya fi kusa. Shi kuwa fetur, sashensa mafi sauƙi yana fara tafasa tun wajen digiri 40. Da ka kashe mota fanka ta tsaya, zafin manifol ya taso ya dafa man da ke cikin bututu da kafireto, famfo ya koma tura tururi.

Muka ɗauke bututun zuwa ɗaya ɓangaren. Muka yanka sabon faifai na alminiyam, aka bar tazarar yatsa tsakaninsa da manifol, domin iskar da ke tsakani ita ce take tare zafin. Idan ya manne, aikin banza ne. Aka mayar da tamostat mai buɗewa a digiri 82, aka sa sabon murfin lagireto mai lamba 0.9, wanda ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. Da aka buɗe lagireton, farin gishirin ruwan rijiya ya toshe bututu da dama. Tun ranar ban ƙara zuba mata ruwan rijiya ba, sai ruwan lagireto na galan.

Abin da ya fi ba ni mamaki fanka ce. Injin Toyota ya zauna can baya, ya bar fili mai faɗi tsakanin fanka da lagireto, sai ta riƙa juya iska mai zafi a wuri ɗaya. Mai walda ya ƙera mata gida na gwangwani wanda ya rufe bayan lagireto duka, rabin fikafikanta a ciki, muka toshe ɓarakar gefe da soso. Yanzu idan ka sa takarda a gaban lagireto, manne ta take yi.

Kuskure ɗaya na yi da kaina. Na ɗaga bayan bonet da wasa uku-uku, zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti, don zafi ya fita. A tsaye ya taimaka, amma a kan titi allura ta riƙa hawa. Ashe idan ana gudu iska tana taruwa a gindin gilashin gaba, ta kutsa ta wannan ɓarakar, ta hana wadda ta bi ta lagireto wucewa. Na cire wasoshin, aka tsaga ƴan tagogi a saman bonet, daf da bayan lagireto, inda iska ke zuƙowa waje.

A Mayu na sake tsayawa a masallacin nan na Mashi da buhu goma a baya. Na idar da salla, na murɗa makulli sau ɗaya, ta amsa kamar yadda take amsa wa Baba.